Shekarar da Na Ƙulle Wuyan Raƙumi

Shekaranjiya ɗayanku ya ɗauki laujena a zaure, ya jujjuya shi, ya ga ƙotar ta ƙone ta gefe guda, ya ce in ba shi ya kai wa masassaƙi a sake mata sabuwa. Na gode masa, na karɓe abina. Da na juya baya na ji kuna dariya, wani yana cewa wai sana'ar Baba Lawali ai yankan ciyawa ce, ko akuya ta iya ta. Ban ji haushi ba, don ku a ƙarƙashin kwano aka haife ku, ba ku taɓa kwana a ɗakin da rufinsa ya fito daga hannun mutum ba. Amma tunda kun taɓo zancen, sai ku zauna ku ji.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne murza igiya. Ina da shekara goma sha biyu mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni wurin ƙanenta, Kawu Tanko, wanda a lokacin duk ƙasar Rawayau har zuwa Kurfi in ana zancen jinka sunansa ake fara kira. Na zaci washegari zan hau kan ɗaki. Sai ya zube mini ɓawon rama a gaba, ya nuna mini cinyata, ya ce in murza. Rani guda cur ina murza igiya har gashin cinyata ya ƙare. In na kawo masa, sai ya taka bakin da ƙafa ya finciko. In ta tsinke ba ya faɗa, sai dai ya miƙo mini guntayen ya ci gaba da hirarsa. Wannan shirun ya fi mini bulala ciwo.

Shekara ta biyu ya koya mini ciyawa. Ku duk abin da ya tsiro kore ne a wurinku. Gamba daban, ita ce mai kauri da tsawo, da ita ake saƙa zana da jikin rumbu. Shuci daban, siriri ne mai santsi, shi ake rufi da shi don ruwa ba ya zama a kansa. Kuma ko shucin ma, wanda ya tsiro a fadama ragon banza ne, damina biyu ya ruɓe. Na gindin dutse, wanda ya sha wuya kafin ya girma, shi ke kai shekara bakwai a kan ɗaki. In ka yanke shi ɗanye ya yi fumfuna, in ka bari ya bushe ƙarau ya kakkarye a hannunka. Tsakanin waɗannan biyun kwanaki ne ƙalilan, kuma Kawu da haƙori yake gane su. Sai ya tsinko ƙwaya ɗaya ya ciza, ya ce saura kwana huɗu, kuma kwana huɗun ne.

Daga nan sai yanta, wato jera ciyawar a ƙasa a ɗaure ta da igiya ta zama doguwar shimfiɗa kamar tabarma, a naɗe ta. Sai ɗaura tsaiko, ƙashin rufin ke nan, da itace ko gora da karan dawa. Sai baibaya, a hau a riƙa warware yantar daga ƙasa ana zagayawa zuwa sama, kowane zagaye ya rufe ɗaurin na ƙasansa. Kayan aikin duka ba su cika taiki ba: lauje, dutsen wasawa, wuƙa, basillar itace, da tsani. Sauran duk a hannu yake da ido.

Ɗakin farko da na baibaye ni kaɗai na wata tsohuwa ne mai saida daddawa. Na gama na sauko ina ta hura hanci. Kawu bai ko dubi wajen ba. Da rana tsaka ya shiga ciki, ya sa aka saki asabari, ya tsaya ya ɗaga kai. Haka yake gwada aiki: in ya ga haske ko kamar ƙwayar gero, to nan ruwa zai bi. Ya fito ya ce ya ƙirga taurari tara, kuma shi bai saba ganin taurari da azahar ba. Na kwance rufin nan kaf na sake. Shekara goma sha ɗaya na yi a hannunsa, ban taɓa jin ya ce aikina ya yi ba. In ya gamsu, sai dai ya fito ya tambayi ruwan sha.

Masu ba mu aiki kuwa iri-iri ne. Akwai manomin da zai tsaya a ƙasa yana koya maka sana'arka, akwai matar da za ta cika ka da fura har ka kasa hawa tsani, akwai Bafulatanin da ba zai yi ciniki ba, amma zai zagaya bukkar sau uku yana jan ciyawar ya ga ko za ta zare. Na fi son masu rumbu. Mutum yana iya haƙuri da ɗigo a kan gadonsa, amma ba ya wasa da rufin abincinsa.

To, yanzu sai ku san ƙulli, don a kansa labarin yake. A wancan zamani dajin gindin duwatsunmu ba na kowa ba ne. In kaka ta yi, ciyawa ta kusa nuna, mai jinka zai je ya zaɓi wurin da zai yanka, ya kama kan ciyawar tana tsaye ya ƙulla shi, nan ɗaya, can ɗaya, har ya zagaye wurin. Shi ke nan ya zama nasa. Ba takarda, ba shaida. Wanda ya ga ƙulli ba ya yanka, makiyayi ba ya kora shanu ciki, kuma ba mai sa wa wurin wuta. Ko mai unguwa bai isa ya taɓa ƙullin wani ba, sai mai shi ya yanke ko ya kwance da hannunsa. Mun ɗauki abin da girma ƙwarai, don mutumin da aka ce ya ci ƙullin wani, ko 'yarsa sai ta sha wuyar samun miji.

In kowa ya gama yanka, sai mai unguwa ya sa rana a yi abin da muke kira ƙunar bayan gari. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, iska ba ta tashi ba, maza su fito da rassan sabara ɗanye, a sa wa kututturen ciyawar wuta, a bi ta a hankali kamar ana kora tumaki. Wuta ce mai sanyi, ko gwiwa ba ta kaiwa. In an gama, gari ya sami baƙar ƙasa ta zagaye shi. Duk gobarar da ta gangaro daga dutse da rani, in ta iso nan ba ta samun abin ci, sai ta mutu.

Ƙauyenmu duwatsu ne suka tsare shi ta gabas, kuma ƙofa ɗaya wuta take da ita. Wani dogon kwari ne da ya lanƙwaso tsakanin duwatsu biyu, ya gangaro har bayan gidaje. Muna ce masa Wuyan Raƙumi. A nan shuci mafi kyau yake fitowa, kuma mu huɗu muke raba shi kowace shekara. Gidan da yake daidai bakinsa, wanda in ka miƙa hannu ta kan darni za ka taɓa ciyawar, gidan Kawu Tanko ne, da ɗakinsa da rumbunansa biyu na gero.

Shekarar da nake ba ku labari, an ɗan jima da samun mulkin kai. Ni na zama magidanci, ina cin gashin kaina, Kawu kuma ya fara rage hawa sama saboda gwiwa. Damina ta yi albarka irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ciyawa ta tashi har mutum a kan jaki sai ya ɓace a cikinta. Sai ruwa ya ɗauke farat ɗaya, rana ta buɗe. A daidai lokacin wani mai sayen hatsi na Dutsin-Ma, Alhaji Barmo, ya aiko a kira ni. Zai kafa rumbuna goma sha biyu a gonarsa ta kan hanya, da rumfunan awo, kuma ni yake so in rufa su duka. Tun daga ƙofar gidansa na fara ganin kaina a kan keke. Ba na ɓoye muku, keken nan shi ne ya shiga idona, baƙi mai ƙararrawa, irin wanda malamin makaranta yake hawa.

Washegari da na idar da sallar asuba ban tsaya gaisawa da kowa ba, na wuce Wuyan Raƙumi. Na fara ƙulli daga bayan gidan Kawu, na bi ta hagu har ƙarshen kwarin, na dawo ta dama. Ƙulli arba'in na yi. Da Sani Dogo, ɗaya daga cikin abokan rabona, ya iso da hantsi, ya tarar ba inda zai sa lauje. Ya dube ni ya ce Allah ya ba da sa'a, ya saɓa laujensa ya nufi bayan dutse inda ciyawar ba ta kai rabin wannan ba. Ban karya doka ba, domin ba a taɓa cewa ga iyakar abin da mutum zai ƙulla ba. Kunya ce kawai take tsare mutane, ni kuwa a ranar na bar tawa a gida.

Da yamma na biya gaida Kawu. Yana zaune yana wasa laujensa, wannan da kuka gani. Bai ɗago ba ya tambaye ni.

“Lawali, an ce ƙulli arba'in ka yi.”

Na ce haka ne, Kawu.

“Hannu nawa gare ka?”

Na yi dariya, na ce biyu ne, amma masu sauri. Bai yi dariya ba. Ya gwada kaifin laujen a farcensa, ya ce to, Allah shi taimaka. Matarsa Inna Kulu ta kawo mini ruwa, muka shiga wata hirar.

Kwana goma na yi ina yanka ba ji ba gani. Nakan ɗaure dami in kai shi kan wani falalen dutse da ke tsakiyar kwarin, don Kawu ya koya mini ba a tara ciyawa a cikin ciyawa. Na tara dami sittin da 'yan kai, amma da na tsaya na duba, ko sulusin wurin ban ci ba. Kuma don ƙarshen kwarin ya fi kyau, daga can sama na fara, na bar na bakin gari a tsaye. Sai Alhaji ya aiko cewa tsaiko ya haɗu, hatsi na zube a ƙasa, in zo in fara. Na ɗora wasu damman a jaki, na ce bari in je in yi kwana uku in dawo. Taura biyu ba ta taunuwa, kowa ya san wannan, amma ranar sai na ga kamar bakina ya fi na kowa faɗi.

Sauran masu jinka suka gama nasu. Mai unguwa Ilu ya sa aka ƙone arewa da kudu da yamma, saura Wuyan Raƙumi. Ya aiko mini har gonar Alhaji, ko in zo in yanke ko in kwance. Na ce a yi mini haƙuri zuwa jibi. Jibi ta zo ta wuce. Ya sake aikowa, na sake cewa jibi. Ciyawar ma a lokacin ta wuce yanka, ta bushe ta yi fari, amma na ce ko ba ta yi rufi ba ta yi zana. Raina ne kawai bai iya sakin ta ba.

Ana cikin haka wuta ta fara ci a ƙasar. Ba shekarar da ba a gobarar daji, amma ta bana daban ce, don abincinta ya yi yawa. Yau a ce ta tashi a duwatsun wajen Kuki, masu farautar gafiya ne suka sa. Gobe a ce ta cinye dajin Dabawa har ta haɗa da damman dawa da ba a kwashe daga gona ba. Wata masu cin zuma ne, wata makiyaya masu neman sabon toho, wata kuma ba wanda ya san mafarinta. Sati uku ba a rasa hayaƙi a wani gefen sama. Ƙauri ya kama tufafinmu, ruwan randa ma toka-toka yake. Birai suka sauko daga duwatsu suna shiga gonaki da rana tsaka. Duk wanda ya zo wucewa ta gonar Alhaji da labarin da zai bayar, ni kuma ina sama ina cewa Allah ya kyauta. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni nawa gemun ma a cikin ciyawa na bar shi.

Rufin rumbu na tara nake ƙarasawa ranar da abin ya faru. Ranar kasuwar Kurfi ce, wadda mazan ƙauyenmu ba sa fashinta. Iskar gabas ta tashi tun hantsi, har ina danne yanta da gwiwa. Mai jinka ya fi kowa hangen nesa, don kullum yana sama. Na ɗaga kai in share gumi, sai na ga hayaƙi a kan duwatsunmu. Da fari fari ne siriri, na ce ƙaramar ciyawar kan dutse ce. Can sai ya turnuƙe, ya yi duhu, ya miƙe tsaye, shirwa suka taru a kansa suna cafkar fara. Ciyawa mai tsawo ce kaɗai take irin wannan hayaƙi, kuma a duk gabashin garinmu wuri ɗaya ne ya rage da ita a tsaye. Ban san yadda na sauko ba. Takalmana ma a gindin tsani na bar su.

Kafin in iso wutar ta riga ta shiga gari. Abin da aka gaya mini daga baya shi ne, daga ƙarshen kwarin zuwa bayan gari ba ta ɗauki lokacin da mace za ta dama fura ba. Duwatsun nan biyu sun matse iskar, suka hura ta kamar zugazugin maƙeri. A gari kuwa daga mata sai yara sai tsofaffi. Kawu ya ga ba a iya tsayar da ita a gidansa. Maimakon ya tsaya fitar da geronsa, sai ya tura Inna Kulu da matan su janye jinkar rumbunan maƙwabta su jefar ƙasa, shi kuma ya ɗauki lauje ya bi darnin da ya haɗa gidansa da sauran gari yana yanke ɗaurin yana turewa, don kada wuta ta bi ta kai. Darnin yana ci yana yanka. Gida biyar ta ci ta tsaya. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi.

Na same shi zaune a gindin tsamiya, Inna Kulu tana zuba masa ruwa a hannu. Fatar tafinsa ta saluɓe, yatsun sun kumbura. Laujen yana gefensa, ƙotar tana hayaƙi. A bayansa ɗakinsa ya zama bango zalla, rumbunan biyu sun zube sun zama tsibi ja. Ku ba ku taɓa ganin gero yana ci ba. Ba ya tashi da harshe, a ciki yake ci, kwana uku yana hayaƙi, gari duk ƙamshin tumu, ga yunwa tana kallon mutane. Na durƙusa a gabansa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na gwammace a ce ina cikin rumbun. Shi kuwa ya dubi ƙafafuna da suka farfashe, ya ce wa Inna Kulu ta ba ni sauran ruwan.

Kwana biyu bayan haka aka taru a ƙofar mai unguwa. Sani Dogo, wanda gidan wansa na cikin biyar ɗin, ya miƙe ya ce a kai ni gaban alƙali. Mutane da yawa suka goyi bayansa, ni ma a zuciyata na goya, don da an yi mini bulala da na sami sauƙi. Mai unguwa ya ce to da wane laifi, tunda ba ni na sa wutar ba, kuma ƙulli haƙƙina ne. Wani ya ce ai shi mai unguwar ya kamata ya ƙone wurin ko da ƙulli. Nan fa aka yi ca, tsofaffi suna cewa ba a taɓa yi ba. Sai Kawu ya yi gyaran murya. Hannayensa na naɗe da tsumma, an shafa musu magani, ya ɗora su a kan gwiwa.

“Ku bar yaron ga,” in ji shi. “Bai ƙetare al'ada ba. Ni na koya mishi ƙulli, shekara goma sha ɗaya shina hannuna. Ban taɓa zamnar da shi na koya mishi kwancewa ba, don ni ma ba a koya mani ba. Munka tsaya muna kallon ciyawa ta bushe a bayan gidajenmu, kowa na jin nauyin ƙulli, ba mai jin nauyin wuta. In za a kai wani gaban alƙali, a tahi da mu duka.”

A zaman nan aka yanke cewa daga yau ƙulli kwana bakwai yake da rai, in ya wuce, mai shi ya kwance ko a kwance masa. Aka kuma ce kowane gida ya kai dami ɗaya na gero gidajen da suka ƙone. Na ga Kawu, mutumin da tun tasowata shi ke ba wasu, yana zaune ana sauke masa damin sadaka yana godiya. Na kwashe rabin rumbuna na kai, ya karɓi dami ɗaya kamar na kowa, ya ce in mai da sauran, ina da iyali.

Ragowar ciyawata ta kan falalen dutse ko ƙwaya ba ta ƙone ba. Wuta ta zagaye ta ta wuce. A duk yankin, ita ce shucin kirki da ya rage. Na je na gaya wa Alhaji Barmo ba zan iya ƙarasa masa ba, rumbuna ukun da suka rage sai dai a rufa su da kara. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce ya ji abin da ya faru, ya sa aka ɗora mini buhun dawa a jaki in kai wa Kawu. Zancen keke kuwa tun a hanyar gudun nan ya fita raina.

Na yi niyyar fara rufi da ɗakin Kawu, ya hana. Ya ce gidan wan Sani akwai mai jego, a fara da can. Na gama na dawo, ya ce gidan Malam Audu akwai tsohuwa mai tari. Haka ya riƙa tura ni gida-gida, ɗaki da rumbu, ina rufi ba ko kwabo, ina kallon damman ciyawata suna raguwa. Na rage kaurin yanta yadda zan iya, na haɗa da gamba a ƙasa. Duk da haka, ranar da na gama gida na huɗu, abin da ya rage bai rufa akurkin kaji ba. Na ɗauki jaki na yi kwana shida ina yawo, Dabawa, Kuki, har gaba da nan, ko'ina baƙar ƙasa ce da toka. Wanda yake da 'yar ciyawa ba ya sayarwa ko nawa ne. A ƙarshe da karan dawa da kaba da bunu, tsohuwar ciyawar da aka sauke daga wani kango, na rufa wa babban mai jinkar ƙasarmu ɗaki.

Wata rana da la'asar a tsakiyar damina ruwa ya tare ni a gidansa. Muna zaune a ɗakin, Inna Kulu ta jera ƙwarya uku da kasko, kowanne yana karɓar nasa ɗigon, ta naɗe tabarma ta ɗora a kan turmi. Kawu ya ja jikinsa gefe, ya ɗaga kai yana nazarin rufin. Hannun ya warke, amma yatsu uku na dama sun ƙage, ba sa miƙewa ba sa dunƙulewa. Ya nuna wani wuri da haɓa, ya ce in da na karkata kabar nan kaɗan, da ƙwarya biyu ta isa. Ya faɗa yana murmushi. Ni dai na sunkuyar da kai ina jin ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau in ruwa na zuba a kwano ina jin sa.

Ƙasar da wuta ta ci takan yi ciyawa mai kyau. Da kaka ta zagayo, Wuyan Raƙumi ya fito da shuci kamar an shuka. Muka raba shi mu huɗu kamar da. Na ciza na ji ya yi, na yanka, na zaɓe shi ƙwaya-ƙwaya, na murza sabuwar igiya da kaina. Kwana biyar na yi a kan ɗakin Kawu, aikin da nakan gama a biyu. Da na sauko da azahar, ya tashi ya shiga, Inna Kulu ta saki asabari. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ina jira ya tambayi ruwan sha, sai ya ce, “Ya yi.”

Inna Kulu ta miƙo mini fura. Na kai ludayi baki ke nan, ya sake magana.

“Ƙulli nawa ka bari a tsaye?”

Na ce shida ne kawai, na ɗakina ne, kuma kwanansu biyar, ba su kai bakwai ba.

“Yaushe za ka yanke?”

Na ce jibi, in Allah ya so.

“Bara ma jibi ka ce.”

Na ajiye ludayin. Na laluba laujena, sai na tuna na bar shi a gida. Kawu ya shiga ɗaki ya fito da nasa, ya riƙo shi da hannu biyu don ɗaya ba ya iyawa, ya miƙo mini ta wajen ƙotar. Na hau kwarin a cikin ranar nan, na yanka abin da na iya har la'asar sakaliya, dami huɗu. Ƙulli uku suka rage, na bi su ɗaya-ɗaya na kwance. A hanyar dawowa na biya gidan Sani Dogo, wanda shekara guda ba ya amsa gaisuwata sai da ka, na ce masa akwai shuci a buɗe in yana so. Ya ce ya ji. Da sassafe na gan shi a can yana yanka, kwana biyu bayan nan aka yi ƙunar bayan gari.

Da na mayar wa Kawu laujen, ya ce in riƙe, shi ba abin da zai yi da shi. Ya yi damina tara a ƙarƙashin rufin nan kafin Allah ya karɓi abinsa, sau ɗaya kawai na yi masa gyara, amma bai ƙara yanka ko ƙwayar ciyawa ba. Ruwan laujen na kai maƙera an yi masa ƙari sau uku. Ƙotar kuwa, in kun duba wurin da ya ƙone da kyau, za ku ga inda wutar ta tsallake, layi huɗu farare. Nan yatsunsa suke. A kansu nake ɗora nawa, don haka ku bar mini ita yadda take.